Yadda Ake Bin Hanyar Daura Ba a Ɓata wa Akuya Rai Ba

Kafin ka ta da mota daga Kano, ka sa a ranka cewa kai baƙo ne a hanyar nan. Masu ita manoma ne da shanunsu da jakunansu, sai kuma awakinsu waɗanda suka fi kowa iko da kwalta. In ka tarar da akuya kwance a tsakiyar titi tana tuƙa, kada ka cika mata kunne da oda. Rage gudu, ka ratse, ka wuce. Wata baiwar Allah ce ke kiwonta, kuma da kuɗinta za a yi wa yarinya kayan ɗaki.

Sai ka duba kalanda. In Lahadi ce, kasuwar Dambatta na ci, to ka ƙara awa guda a lissafinka, ka ƙara haƙuri a aljihu. Amalanken shanu zai shiga gabanka da buhunan gero, babur zai gifta ɗauke da mutum biyu da rago a tsakiyarsu, ragon ma ya fi su natsuwa. Tsaya ka sauka. Ka sayi ƙuli-ƙuli, ka sha fura da nono a wurin Bafulatana. Kada ka tsawwala ciniki, tun asuba ta tako ƙasa da ƙwarya a ka.

Da kaka kuma akwai wani karatun. Za ka ga an baza wake da dawa a gefen titi suna shan rana. Tayarka kada ta kusance su, gumin damina guda ne a shimfiɗe. Gonakin nan na gero da gyaɗa da riɗi da kake gani hagu da dama, su ne ke cika rumbunan kasuwar Dawanau, daga can tuwo ya iso gidanka. Ni a ganina, duk direban da ya wuce manomi yana sunkuye bai ɗaga masa hannu ba, ya ci bashin gaisuwa.

Jiha uku za ka taka kafin ka isa: Kano, Jigawa, Katsina. Kazaure mai duwatsu da madatsar ruwa tana cikin jihar Kano har 1991, Daura kuwa tana cikin jihar Kaduna har 1987. Kada ka wahalar da wuyanka neman inda iyaka take, domin dawa ba ta canza tsayi a kan allon gwamnati.

In ka rikice da hanya, sauka daga mota, kada ka yi tambaya ta taga. Fara da sallama.

“Baba, sannu da aiki. Ya gona? Daura fa da saura?”

“Ai ka zo, ɗana. Nan gaba kaɗan ne.”

Ka yi godiya, amma ka leƙa ma'aunin mai. “Gaba kaɗan” ɗin mutumin da ya saba zuwa gona a ƙafa yana da tsawo.

Lokacin hunturu ka kunna fitila ko da rana, saboda hazo na ɓoye 'yan makaranta da masu keke. Kuma ka lissafa tafiyarka ka shiga Daura kafin magariba, don amalanke ba shi da fitilar baya. In ka isa, je ka ga rijiyar Kusugu, ka ja guga da hannunka. Wanda bai gaji ba ya miƙe zuwa Kongolam, amma ya tabbata takardunsa na aljihu, don daga can ƙasar Nijar ce.