Ko Goɗiya Ta Samu Baiti, Taubashi

Gaisuwarka ta sabuwar shekara ta iso: hoton fure mai ƙyalli, ga tambarin WhatsApp a samansa yana tona maka asiri cewa an tura shi sau ba adadi. Ko sunana babu. Kai da kake cika mana baki wai kai sha'iri ne, har kana ɗaga hula gefe idan ana zancen waƙa!

Zo in kai ka Sikotilan ka ga yadda ake gaisuwa. Robert Burns, manomi ɗan ƙauyen Alloway da aka haifa a 1759, ya rasu a 1796, tun kafin Henry Cole ya sa a buga katin Kirsimeti na farko a Landan a 1843. Bai ga kati ba, amma bai rasa hanya ba. A littafinsa na 1786 akwai waƙar wani tsohon manomi da ya yi sammako ranar sabuwar shekara ya je gaida goɗiyarsa Maggie. Bai je hannu rabbana ba, da ɗan damin hatsi ya miƙa mata. Ya tuna mata shekara 29 da suka yi tare tun daga ranar da surukinsa ya ba shi ita, da yadda ta ɗauko masa amarya zuwa gida tana taƙama, da jan garma, da tseren da ta sha cinyewa. Ya ƙare da yi mata alkawarin ba za ta kwana da yunwa ba don ta tsufa. Dabba fa ke nan, taubashi. Ni da muka sha nonon dangi ɗaya, fure na aro ka ga ya dace da ni.

Kuma kada ka ce ai su sun saba. Majalisarsu ta soke hutun Kirsimeti a 1640, bai dawo ranar hutu a hukumance ba sai 1958. Sai suka juye zumuncin kan daren sabuwar shekara, Hogmanay, inda baƙon farko bayan sha biyun dare yake shigowa da gawayi da abin taɓawa. Kai kuwa da ka shigo gida, kwanon tuwo kake fara nema da ido.

Wanda ya hango ka tun daga nesa shi ne Edwin Morgan na Glasgow. Ya fitar da waƙa kan kwamfuta da ta ɗauki aniyar rubuta katin Kirsimeti. Ta yi ta dama kalmomi, tana haɗa kan wannan da wutsiyar waccan, daga ƙarshe gaisuwar ta ɓuge da sunan wani fure. Ita dai ta yi gumi kafin ta kai ga furen. Kai yatsa kawai ka danna.

Ba na neman ƙasida mai ƙwar biyar, na san ƙarfinka. Baiti biyu sun isa, da sunana a ciki, da rubutun hannunka mai kama da tonon kaji. Ka haɗo da kuɗin sharar bara da na bana, don Muharram na tafe kuma ban yafe ba.