Azuzuwan Masu Zaɓa wa Mutane Abin Karatu, Kallo da Saurare a Kwarin Komadugu

Duk wanda ya zauna a garin Diffa ko a ƙauyukan da ke jere a gaɓar Komadugu, kogin da ya raba Jamhuriyar Nijar da Jihar Borno ta Nijeriya, ya san cewa ba a rasa abin kallo ko na saurare a wannan yanki. Abin da ake rasawa shi ne damar zaɓa wa kai, domin kafin mutum ya buɗe baki ya faɗi abin da ransa ke so, an riga an sami wanda ya zaɓa masa. Wannan hali ya ƙaru ne tun daga Fabrairun 2015, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci bayan hare-haren da aka kai Diffa da Bosso, aka hana hawa babur, aka taƙaita fitar dare, daga baya kuma mutanen Assaga na wannan gaɓa da na waccan suka bar bakin ruwa suka koma zama a gefen babbar hanyar kwalta. Dare ya yi tsawo, wurin zuwa ya yi ƙaranci, sai salula, wato wayar hannu, ta ɗauki aikin gidan kallo da na rediyo da na littafi gaba ɗaya. A fada, wadda ita ce majalisar samari da magidanta da ake kafawa a kan tabarma kewaye da butar shayi, nan ake yanke hukunci a kan kowane sabon littafi da shiri da waƙa, kuma masu yanke hukuncin ne wannan nazari ya karkasa zuwa azuzuwa.

Ajin farko na mai turi ne, wato mai rumfar caji da ke zuba finafinai da waƙoƙi daga kwamfutarsa zuwa memorin mai saye, ana biyansa da sefa ko da naira, tun da kasuwar Diffa ba ta ƙin ko ɗaya daga cikinsu. Shi da hannu yake ba da shawara: mutum zai miƙa memori ya ce a sa masa Kwana Casa'in, ya dawo bayan la'asar ya tarar an cika masa shi da fassarar Algaita, wato finafinan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa a Kano, tare da bayanin cewa ai wannan ake yayi yanzu. Ba a cika yi masa gardama ba, domin shi ke da farantin hasken rana, kuma babu mai hankalin da zai yi faɗa da wanda wayarsa ke wuni a hannunsa.

Aji na biyu, wanda ya fi kowane yawa da naci, shi ne na mai ɓare labari, kuma ya cancanci a tsaya a kansa sosai. Wannan bawan Allah yana da abin da sauran 'yan fada ba su da shi, wato data mai isa da haƙurin jiran intanet har tsakar dare, saboda haka yakan kalli sabon kashi na Labarina ko na Izzar So a YouTube daren da aka sake shi, alhali sauran jama'a sai sun jira ya iso rumfar mai turi. Tsakanin wannan dare da ranar da jama'a za su gani, yana yawo da labarin kamar mai riƙe da garwashi a tafin hannu, ba ya iya zama, ba ya iya cin abinci cikin natsuwa, duk wanda ya gaishe shi sai ya ji an tambaye shi ko ya kalla. Aikinsa yana da matakai da aka sani. Mataki na farko na fuska ne: an jingina salula da gwangwanin sukari, kawuna shida sun haɗu a kanta, wani mutum ya shigo cikin shirin yana dariya, sai a ji mai ɓare labari ya ja dogon numfashi, ya girgiza kai, ya ce Allah sarki, wanda hakan ya isa ya sanar da kowa cewa mai dariyar nan ba zai kai ƙarshen zango ba. Mataki na biyu na rantsuwa ne, inda yake cewa wallahi ba zai faɗi komai ba, amma dai a lura da wannan direban, yana mai ɗora ɗan yatsa a kan fuskar direban don kada wani ya yi kuskure. Mataki na uku ba ya buƙatar bayani, sai dai a ce yakan fara ne daga ƙarshe, sannan ya dawo baya ya cike gurbi, ta yadda kafin a sauke shayi na uku, wanda shi ne mai zaƙi na sallama, ya aurar da wanda za a aurar, ya ɗaure wanda za a ɗaure, ya binne sauran.

Abin da ya ƙara masa kwarjini shi ne wani ɗan'uwa da yake da shi a Kano, wanda a cewarsa yake zama a titin gidan zu inda ofisoshin 'yan fim suke, kuma babu wanda ya taɓa ganin wannan ɗan'uwa ko ya ji muryarsa. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, ya sanar da fada cewa shi ya daɗe da sani, amana ce ta hana shi faɗa, abin da ya ba kowa mamaki, tun da ba a san shi da riƙe wata amana ta fi ƙarfin tafasar buta ɗaya ba. Ba tsoho ba sabo a wurinsa: shirin Turkiyya na Ertugrul da aka kammala tun 2019, idan ya ga yaro ya fara kallonsa yau, zai zauna kusa da shi ya lissafa masa mayaudaran da ke cikin ƙabilar Ertugrul ɗaya bayan ɗaya. Idan an yi masa ƙorafi, hujjarsa ita ce sanin ƙarshe ba ya rage daɗin kallo, hujjar da ba ya yarda da ita ko kaɗan ranar da wani ya riga shi gani. Wasu sun gwada yi masa ƙaryar cewa sun riga sun kalla, sai abin ya zame musu jarrabawa, domin nan take zai tambayi launin motar da aka gudu a cikinta. Duk da haka, ranar da ya tafi Maine Soroa biki, an lura fada ta yi shiru fiye da kima, har wani ya buga masa waya.

Akwai kuma mai waƙa ɗaya, wanda tun da Hamisu Breaker ya saki Jarumar Mata a 2020 bai ga dalilin sauraren wata ba. Ita ce kiran wayarsa, ita ce a gonar tattasai, ita ce a cikin adaidaita sahu, kuma ba ya mallakar abin sa wa a kunne. Kishiyarsa shi ne dattijon da waƙa ta mutu a wurinsa ranar da Mamman Shata ya rasu a 1999, wanda ke kiran duk abin da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa suka yi kiɗan kwamfuta, idan kuwa Bamange ne, wato ɗan ƙabilar Manga, sai ya ƙara da cewa bayan ganga da algaita babu sauran kiɗa. Yakan yi ta yabon Malam Mamman Barka, wanda ya je Tafkin Chadi ya koyi biram, garayar Buduma mai tsirkiya biyar, amma yabon bai fara ba sai bayan rasuwar mawaƙin a 2018. Wanda ya zauna kusa da wannan dattijo a gidan biki lokacin da aka sa Warr ta Ado Gwanja, ya kuma dubi ƙafarsa ta dama, ya san iyakar ƙarfin wannan aƙida.

Malamin lakwal, wato wanda ya yi karatun boko da Faransanci, littafi ɗaya yake bayarwa a matsayin amsar kowace tambaya, ko da tambayar a kan sabon littafi ce: Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980 a kan sarauniyar Lugu da ta tsaya wa ayarin sojan Faransa a 1899. Yana da hujjar alfahari, domin an haifi Mamani a Gudumariya a 1932, ɗan jihar Diffa ne ke nan, kuma littafin ya isa a yi alfahari da shi. Sai dai idan aka matsa masa da tambaya, duk abin da yake kawowa daga fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986 yake fitowa, har da kalar rawuna da sautin ganguna, waɗanda ba a san takarda da fitar da su ba.

A cikin gidaje kuma akwai uwargida mai littafin kunne. Littattafan soyayya da a da ake saye a bugu, na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, yanzu magadansu suna fitowa shafi-shafi a WhatsApp, ko a karanta su da murya a ɗora a YouTube, don haka wadda ba ta taɓa shiga aji ba ma tana iya gama littafi mai babi ɗari tana tsince tattasai a kan shanya, wayar na ɗaure a bakin zane. Ita ba ta cewa littafin ya yi kyau, labarin mutanen ciki take bayarwa da sunayensu, cikin jimami da sallallami, har baƙon da ya shigo a tsakiyar zance ya ɗauka maƙwabciya aka saka, ya fara tambayar wane gida ne don ya je ya ba da haƙuri. Wannan aji ba ya cutar da kowa, in ban da tukunyar da ke kan wuta.

Mai tsinuwa ya bambanta da su duka, domin shi shawararsa kada a kalla ce. Yana tsine wa Izzar So kashi-kashi, yana kawo abin da Umar Hashim ya ce da abin da Hajiya Nafisa ta mayar masa, da tufafin da ta sa, da minti na nawa abin ya faru, cikin cikakken bayanin da ko mai ɓare labari yakan nemi ƙarin haske a wurinsa. Kusa da shi a tabarma akan sami wani mai ɗan littafin rubutu a aljihu, wanda ba ya yabo ba ya suka, yana dai cewa shi nazarin halayen jama'a ya kawo shi, kuma don nazarin ne kawai ya bi Daɗin Kowa tun farkon fitowarsa a Arewa24 ba tare da tsallake mako ba. Irin wannan mutum yakan ƙare da rubuta maƙala yana rarraba maƙwabtansa aji-aji, kuma ba a san shi da kawo sukari ba.

Dukan waɗannan ana iya zama da su, a yi dariya, a sha shayi. Wanda ba a iya zama da shi shi ne mai aron littafi, kuma a nan wasa ya ƙare. Littafin takarda a kwarin Komadugu ba ƙaramar dukiya ba ce: daga Kano yake tasowa, ya bi ta Damagaram a cikin kayan wani ɗan kasuwa, ya yi ɗaruruwan kilomita a kan kwalta kafin ya iso, sannan ya fara yaƙi da gara da ƙurar hunturu da yoyon rufin tamfol. Akwai gidajen da a 2015 aka bar gado da tukwane da buhunan tattasai a bakin kogi, amma aka fito da tsohon kwafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a cikin ƙullin kaya, saboda na mahaifi ne, ko kuwa da shi aka koyi haɗa baƙi. Irin wannan littafi mai aro yake hange. Yakan zo da ladabi, ya ɗaga shi da hannu biyu, ya ce kwana biyu rak, ya rantse da abin da ba a nemi ya rantse da shi ba. Bayan wata guda littafin yana wurin ƙaninsa, bayan wata uku ƙanin ya tafi Ngigmi, bayan shekara kuma sai ya ce ambaliya ta ci shi, ya zaɓi ta 2019 ko ta 2022 gwargwadon wadda ta fi kusa, ko da kuwa ruwan bai zo ko kusa da unguwarsu ba. Wannan ita ce ƙaryar da ba ta da uzuri, domin ruwan nan ya ci gidajen mutane da gonakinsu da gaske, kuma mai littafin ba zai iya ƙaryata shi ba tare da ya zama marar tausayi a idon jama'a ba, saboda haka dole ya haɗiye, har ya ce Allah ya mayar da alheri. An sha ganin bangon irin wannan littafi da aka ce ruwa ya tafi da shi, a bushe ƙayau, an naɗe ƙosai da shafukansa na tsakiya. Mai aron kuwa bai karanta ya wuce shafi na goma ba, amma hakan ba ya hana shi, bayan shekara biyu, ya dubi mai littafin a tsakiyar fada, ya ce masa akwai wani littafi mai ma'ana ƙwarai da ya kamata ya nema ya karanta, in ya samu kuma ya taimaka ya ara masa.