Duban Ƙananan Ramukan Wata a Ƙasar Magarya da Dungas

Ramukan da ke fuskar wata tabo ne na duwatsun da suka faɗo masa daga sararin samaniya. Da yake babu iska kuma babu damina a can, tabon kan shafe miliyoyin shekaru bai goge ba, har fuskar ta koma tamkar tandar suyar masa. Galileo ya hango su da madubin hangen nesa a 1609, sannan a 1651 wani malamin Italiya, Riccioli, ya raɗa wa manyansu sunayen masana. Shi ya sa akwai ramin Albategnius, wato al-Battani, da na Azophi, wato as-Sufi.

Manyan ramuka ba su da wuyar gani. Copernicus ya kai kilomita 93 a faɗi, Tycho kuma 85, ko tabaron hangen nesa na hannu yakan nuna su. Wahalar tana ga ƙananan. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,400, don haka madubi mai baki santimita 10 da ƙyar yake fito da rami mai kilomita 3, shi ma sai sama ta yi garau.

Ƙaramin rami da inuwarsa ake gane shi. Wurin nema shi ne bakin iyakar haske da duhu, inda rana ke fitowa a kan wata, inuwa ta yi tsawo. Iyakar tana matsawa kowane dare, saboda haka kowane rami da darensa. Daren sha huɗu, da jama'a ke wa kirarin farin wata sha kallo, shi ne mafi rashin amfani: hasken ya sauka tsaye, inuwa ta ɓace, mai duba ya tashi da hawaye a ido ɗaya. A wannan daren ne kuma maƙwabta suka fi zuwa a nuna musu.

Ana gane rami ta hanyar bin sawu daga babba zuwa ƙarami. Misalin da ya dace da ɗan Nijar shi ne ramin Ibn Battuta, matafiyin da ya yada zango a Takedda a 1353. Faɗinsa kusan kilomita 12 ne, yana arewa maso gabashin ramin Goclenius, kuma ya fi fitowa wajen uku ko huɗu ga wata. Sai dai madubai da yawa suna kifa hoto, arewa ta koma kudu. Wanda bai juya taswirarsa ba yakan kwana yana neman Ibn Battuta a inda bai taɓa zuwa ba, duk da yawan yawonsa.

Yanayin Magarya da Dungas yana da rana da baya. Ƙauyuka irin na Bande, Waca, Malawa da Dogo-Dogo ba su da yawan fitilu, samaniyarsu baƙa ce wuluk. Amma da hunturu hazo yakan rufe wata har ya zama jajaja-jajaja, da damina kuma ga hadari ga sauro, musamman a fadamun Korama inda ake noman rake. Bugu da ƙari, yankin yana kusa da tsakiyar duniya, wata kan haye tsakar ka, mai duba ya durƙusa yana leƙe daga ƙasa. Masu wucewa sukan ɗauka nafila yake yi, su rage murya.

Babbar matsala dai jama'a ce. Malamin lakwal da ya kafa madubinsa a bayan gari ba ya cika minti biyar shi kaɗai. Tambayar farko ba ta canzawa, ko da watan ya kwana bakwai yana kallon kowa: "Mushe, an ga wata?" Idan Sha'aban ne, dattijo zai matso da sandarsa: "Ɗana, duba mana da kyau, azumin bana ashirin da tara ne ko talatin?" Amsar cewa ramuka ake dubawa ba ta gamsar da kowa, sai dai a ce, "Allah sarki, karatu ya yi masa yawa."

Daga nan yara su ja layi. Saboda juyawar duniya, wata yakan matsa da tsawon faɗinsa cikin kimanin minti biyu, ya fice daga madubin. Kafin a sake saita shi, yaro na gaba ya rungume bututun da hannu biyu ya karkata shi kan rumbu, ya kuma rantse ya ga ramin. Ana cikin haka ɗan kabu-kabu zai haske taron da fitilarsa don ya ga abin da ake rabawa. Taswirar da aka ajiye a kan tabarma kuwa, akuya ce kan kammala nazarinta.

Akwai kuma batun iyaka. Magarya na maƙwabtaka da Babura, Dungas da Maigatari, kuma sau da yawa wata yakan bi ta kudu. Bututu mai ƙafa uku da aka auna wajen Najeriya da tsakar dare yana jawo aike daga mai unguwa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kai masa gaisuwa tun da la'asar, a kuma ba shi kallon farko.

Mataki na ƙarshe shi ne tantancewa. Idan aka ga baƙin ɗigon da babu shi a taswira, a ɗan jira: rami yana tafiya tare da wata, ƙurar hunturu kuwa tana nan daram a kan gilashi. Yawancin sababbin ramukan da aka gano a yankin da bakin riga aka share su. Ko da na gaskiya ne, raɗa suna aikin Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ne, wadda aka kafa a 1919, kuma ƙa'idarta ita ce mai sunan ya kasance ya shekara uku da rasuwa. Zuwa yanzu masu duban wata na Magarya da Dungas ba su nuna gaggawar cika wannan sharaɗi ba.