Tsofaffin Baobab da Masu Taɓe Baki

Na san halinku. Da an ce tsofaffin makaɗa sun sake haɗuwa, sai ku taɓe baki ku ce aljihu ne ya bushe. To ku gyara zama, ga Orchestra Baobab ta Dakar.

A 1970 aka kafa ta, tana yi wa manyan gari kiɗa a wani kulob mai suna Baobab. Salon Kuba ne aka jiƙa da Wolof da Mandinka, a natse, ba gaggawa. Suka yi tashensu, har samari suka taso da mbalax, kiɗan gangunan sabar mai zafi, Youssou N'Dour a kan gaba. 'Yan rawa suka bi can. A 1987 ƙungiya ta watse.

Ku masu cewa yunwa ce, ku yi mini bayanin mai jitarsu, Barthélémy Attisso. Ɗan Togo ne, karatun lauya ya kai shi Dakar, jita kuwa sana'ar dare ce. Da aka watse ya koma Lome ya kama aikin lauya, ya jingine jita shekara da shekaru. Mutum da ofishinsa da rigar kotunsa, shi kuke so in yarda ya rasa na cefane? Da kiran sake haɗuwa ya zo, sai da ya zauna ya sake horar da yatsun da suka saba da biro.

"Ai Turawa ne suka tono su." To, kun ci rabin maki, kada ku yi ta murna. Gaskiya ne kamfanin World Circuit na Landan ya sake fitar da Pirates Choice, naɗin 1982, a 2001, kuma a shekarar suka hau dandamali a zauren Barbican na Landan. Amma faifan dawowar, Specialist in All Styles na 2002, wa ya tsaya tare da Nick Gold na World Circuit wajen shirya shi? Youssou N'Dour. Wanda ya kwashe musu kasuwa, shi ya zo yana share musu rumfa.

Na ji wani a baya yana gunaguni wai ɗoki ne, sha yanzu magani yanzu. Malam, Made in Dakar ya fito a 2007, wani faifan ya biyo a 2017. Zaman farko shekara 17 ya yi. Na biyun kuwa, tun daga 2001, ka ƙirga da kanka, idan yatsu sun ƙare ka ari na maƙwabcinka.