Ciwon Sakin Wi-Fi a New Bell

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai yawan sakin Wi-Fi sananniya ce a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala. Alamar ciwon ba ta ɓuya: takan riƙe intanet gam muddin ba wanda ke buƙatarsa, ta sake shi daidai lokacin da ɗan kasuwa zai tura lissafin kaya Kano.

Dalilan sun kasu huɗu. Na farko, tsarin tattalin batir, wanda kan kashe na'urar kama Wi-Fi don kwamfuta ta ɗan rintsa, musamman 'yar gwanjo da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ofisoshin Turai. Na biyu, cunkoso: zangon 2.4 GHz tashoshi 3 kacal gare shi da ba sa shiga juna, wato 1, 6 da 11, ga gidaje bango da bango, sai saƙonni su riƙa kutse kamar 'yan acaba a mahaɗar Ndokoti. Na uku, ɗaukewar wuta, wadda kan kashe akwatin intanet, kwamfuta kuwa ta sha zagi a banza. Na huɗu ya fi ƙarfin mai gyara: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, intanet ya sukurkuce har a Kamaru.

Maganin ukun farko shi ne cire tattalin batir, komawa zangon 5 GHz, da sama wa akwatin batirinsa. Na huɗu kuwa sai haƙuri. Dukan kwamfuta da tafin hannu ya yaɗu ƙwarai, amma masu gyara kaɗai yake amfana.