Aljanin Ɗakin Langa-langa

A ƙuryar lambun bayan gidanmu na sa aka buga mini ɗakin langa-langa, inda nake ajiye fartanya da taki da injin ban ruwa. Wutar kuwa da hannuna na jawo ta daga kicin. Mai shago ya ce in sayi waya mai silli uku, na ce biyu sun isa ƙwan fitila ya kama, na ukun ai cin kuɗi ne kawai.

Duk rani lafiya lau. Washegarin ruwan farko na fita ba takalmi, na kama ƙofar. Wani abu ya fizge ni tun daga yatsa har ƙeya, sai ga ni zaune cikin alayyafo ina salati. Uwargida ta fito da silifas ɗinta na roba, ta buɗe ƙofar ta rufe har sau uku.

"Malam, anya ba hawan jinin nan ba ne?"

Ni dai na riga na yanke hukunci: mutanen ɓoye ne. Dama tsamiyar maƙwabta na daf da katanga. Na kira wani abokina mai taɓa ruƙiyya. Ya zo, ya tuɓe takalmi saboda ladabi, ya dafa ƙofa zai fara karatu. Ban taɓa sanin mai ƙiba irin tasa zai iya tsallake kunya biyu a tashi ɗaya ba.

Uwargida ce ta aika a kira mai gyaran wuta. Yana ɗora tasta a jikin ɗakin ta kawo ja. Ashe kaifin kwano ya yanke rigar wayar a inda na zura ta, bolt 230 na kwance a bango da rufi, ɗakin kuma a kan katako yake zaune.

"Yallaɓai, ita wuta hanyar ƙasa take nema. Ka hana ta waya, ta samu ƙafarka."

Ya haƙa rami, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri don ƙasar ta riƙe danshi. Daga sandar ya ja waya mai kore da rawaya, ya ɗaure ta a rufi, a ƙarfen ginshiƙi, ƙofa ma da tata daban, sai da ya kankare fenti da tsatsa a kowane wuri kafin ya ɗaure noti. Sannan ya sa wata na'ura mai katse wuta da zarar miliyamfa 30 ta ɓalle ta bi wata hanya, ya ce in riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Kuɗin aikin ya sayi wayar da na ƙi sau ba adadi, ban da gishirin uwargida da aka juye gaba ɗaya, wanda har yau ake yi mini gori a kansa.

Abokina ya ci gaba da zuwa gaisuwa. A zaure yake tsayawa, kuma ba ya tuɓe takalmi.