Motar da ke harbi da hunturu

Da hunturu ya kankama a Kano, motata sai ta koma kunama. Ka sauko, ka kai hannu ƙofa, tsat! Maƙwabcina har ya fara zancen turaren aljanu.

Aljanin dai rigar roba ce. Gogayyarta da kujera ke tara lantarki a jikinka, busasshiyar iska ta hana shi zurarewa, har ya kai dubban bolt. Abin haushi, gida babu wuta, ga ta a yatsa.

Riƙe ƙarfen ƙofa tun kafin ka ɗaga daga kujera, kada ka saki sai ƙafarka ta taka ƙasa. In ka manta, fara taɓa ƙarfen da makulli, shi ya sha harbin. Ni dai na koma rigar auduga.